Lokacin da Batir Yake Kwana a Durowa

Duk wanda ya riƙe kwamfutar tafi-da-gidanka wajejen shekarar 2008 zai iya tuna wasu 'yan makullai guda biyu da ke ƙarƙashinta. Ka tura ɗaya ya tsaya, ka ja ɗayan da babban yatsa, sai batir ya zamo ya faɗo maka a hannu, dogo, baƙi, mai ɗan nauyi. A ofisoshi da ɗakunan malaman jami'a da shagunan buga takardu, da haka mutane da dama suke fara aikin safiya: a kifa kwamfuta, a zare batir, a jefa shi durowa, sannan a jona caja. Wanda ya bar nasa a ciki alhali akwai wuta, kallon wanda bai san zafin nema ba ake yi masa. Mai shago ma ba ya sallamarka sai ya yi maka huɗuba. Sabon batir, in ji shi, sai ya kwana a caji kafin a taɓa shi. Kada a sake jona shi sai ya mutu murus. Da zarar ya cika kuma a cire, in ba haka ba wuta za ta cinye shi.

Ba ƙarya aka shirya mana ba. Shawara ce da ta yi amfani a zamaninta, zamanin ya wuce, ita kuwa ta ƙi tafiya. Batiran da aka fara sa wa kwamfutocin hannu da wayoyi na sinadarin nikel ne, kuma suna da halinsu. Idan ana yawan mayar da su caji tun ba su sauka ba, ko ana barin su a wuta bayan sun cika, sai ƙarfinsu ya riƙa faɗuwa da wuri, shi ya sa ake son a sauke su ƙasa lokaci-lokaci. Cajojin wancan zamani kuma ba su da wayon tsayawa, ɗura wuta kawai suke yi kaɗan-kaɗan har batir ya ɗauki zafi. Mu a nan, ta hanyar wayar salula wannan karatu ya shigo mana. Da aka fara GSM a Najeriya a 2001, wasu daga cikin wayoyin da suka cika kasuwa, irin su Nokia 3310, sukan zo da batirin nikel, masu sayarwa kuma suka koya wa kowa cajin awa takwas na farko. Da kwamfutar hannu ta yi araha bayan 'yan shekaru, sai muka kwashe karatun waya muka ɗora mata, ba tare da mun duba abin da ke cikinta ba.

Abin da ke cikinta kuwa ya riga ya sauya tun da daɗewa. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da batirin litiyom kasuwa tun 1991, bisa aikin da Stanley Whittingham ya soma a shekarun 1970, John Goodenough ya ciyar da shi gaba a jami'ar Okasfod a 1980, Akira Yoshino kuma ya mayar da shi abin da za a iya sarrafawa a masana'anta a 1985. Su ukun ne aka ba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019, Goodenough yana da shekara 97 a lokacin. Kafin kwamfutocin gwanjo su fara isowa titin Beirut a Kano da yawa, kusan babu wadda ba litiyom ba ne a cikinta. Da za ka fasa wancan dogon baƙin batir, ƙwayoyi za ka tarar, galibi shida, kowace faɗinta milimita 18, tsawonta milimita 65, tare da wani ɗan allo mai lura da su.

Wannan ɗan allo, da abokin aikinsa da ke cikin kwamfutar, su ne suka rushe tsohuwar doka. Caja tana karɓar wutar bango ta mayar da ita bolt 19 ko 20. Daga nan wutar takan rabu biyu, wata ta tafi aikin kwamfuta, wata ta shiga batir. Idan kowace ƙwaya ta kai wajen bolt 4.2, sai a rufe mata ƙofa, kwamfuta ta ci gaba da shan wutar bango kai tsaye, batir yana zaune. Yawancinsu ma ba sa sake buɗe ƙofar sai cajin ya ɗan sauka da kansa. Dole ce ta sa aka yi haka, domin litiyom ba ya jure a zarce masa iyaka, wuta yake kamawa. Saboda haka maganar cewa caja za ta yi ta ɗura wa batir wuta har ya lalace ba ta da tushe a kwamfutar da ke da lafiya. Ita kuwa dokar a bari ya mutu murus, cutarwa take yi. Batirin litiyom ya fi son a riƙa ɗiba kaɗan ana mayarwa, kuma idan ƙwayoyinsa suka sauka ƙasa ƙwarai, allon nan yana iya kulle shi gaba ɗaya, ya ƙi karɓar caji har abada. Da yawan batiran da aka adana a durowa don tattali haka suka ƙare. An manta da su wata da watanni, cajinsu ya tsiyaye a hankali, ranar da aka tashi nemansu sai aka tarar da gawa.

Sai dai kada mu yi saurin yi wa mutanen da dariya, domin sun hango wani abu na gaske, dalilinsa ne kawai suka kuskure. Batirin da ke zaune a jone kullum yana tsufa da wuri, wannan haka yake. Abin da ke tsofar da shi abu biyu ne da suke haɗuwa: zama a cike maƙil, da zafi. Idan ƙwaya tana tsaye a ƙololuwar cajinta, ruwan sinadarin da ke cikinta yana ci gaba da cin jikinta a hankali, yana tara wani dafi da ke riƙe litiyom ya hana shi aiki, wani lokaci har ya fitar da iska. Zafi kuma yana hanzarta wannan ci. Kamar danƙon harbin tsuntsu ne da yaro ya ja iya ja, ya ɗaure, ya bari a rana: ko bai harba ko sau ɗaya ba, danƙon zai saki. Shi ya sa batir yake da shekaru iri biyu. Akwai na yawan cika da sauka, wanda a da akan ƙiyasta sau 300 zuwa 500, kamfanin Apple kuma yake cewa nasa na yanzu suna kai 1,000 kafin ƙarfinsu ya koma kashi 80 cikin 100. Akwai kuma na kwanaki kawai, wanda ke tafiya ko an yi aiki ko ba a yi ba. Mutumin da ya bar kwamfutarsa a jone yana tattalin na farko ne, yana kashe na biyu.

A nan ne ƙasarmu take shigowa cikin lissafi. Apple ɗin dai ya rubuta cewa na'urorinsa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 22, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir, ragin da ba ya dawowa. To wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder a watan Afrilu ya san digiri 35 sauƙi ne, rana takan kai 40 ta wuce. Wannan kuma zafin ɗaki ne kawai, ba a sa wanda kwamfutar kanta take fitarwa ba. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ta toshe fanka har ta zama kamar auduga, ƙara da al'adarmu ta aiki a kan katifa ko darduma ko matashin kai, inda ƙofofin iska suke toshewa ruf. Tsofaffin kwamfutocin nan kuwa zafi gare su, har cinya suke ƙonawa. Wanda ya zare batir daga jikinsu ya nisanta shi daga murhu, kuma da a rabin caji ya ajiye shi a wuri mai sanyi yana leƙa shi, da ya yi daidai. Amma a cike ake zare shi, a sa a durowar ƙarfe a ofishin da rufin kwano ke gasa shi.

Kuma akwai abin da aka biya wanda ba a lissafa ba. NEPA ba ta sallama kafin ta ɗauke wuta, haka PHCN da ta gaje ta a 2005, haka kamfanonin rarraba wuta da suka karɓa a 2013. Kwamfutar da babu batir a cikinta, ana ɗauke wuta take mutuwa nan take. Na sha ganin ɗalibi a shagon buga takardu, ya tsaya a kan mai buga masa kundin kammala karatu tun hantsi, an kai babi na huɗu, fanka ta sama ta yi ƙara ta tsaya, allo ya yi baƙi. Mai bugawa ya ɗaga kai ya ce, "Wallahi ban adana ba." Batirin kuwa yana nan cikin durowa a gefen gwiwarsa, ana tattalinsa. Ba aikin kaɗai ake asara ba. Faifan ajiya na wancan lokaci mai juyawa ne, yankewar wuta yana cikin rubutu tana iya lalata fayil, wani lokaci har manhajar kwamfutar ta ƙi tashi. An kare batirin da za a iya sayen wani a kasuwa, an sa aikin wata uku cikin haɗari.

Muhawarar a cire ko a bari ba hujja ce ta kashe ta ba, masu ƙera kwamfuta ne suka kashe ta. A Janairun 2008 Apple ya fito da MacBook Air, siririya, batirinta a rufe a ciki, sai da sukudireba. A 2009 ya bi sauran manyan kwamfutocinsa da haka, sauran kamfanoni kuma suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin nan masu kwanson ƙarfe suka ba da wuri ga wasu shimfiɗaɗɗu da aka naɗe cikin jaka mai laushi. Matashin da ya sayi kwamfutarsa ta farko cikin shekaru goman nan bai taɓa ganin batirinta ba ma.

Sai ranar da ya kumbura. Kwanson ƙarfe yana ɓoye iskar da ke taruwa a ciki, jaka kuwa hurawa take yi. Na taɓa zama a rumfar wani mai gyara a titin Beirut, wani malamin makaranta ya kawo kwamfutarsa yana cewa wurin da ake goga yatsa ya daina dannuwa. Mai gyaran bai ko kunna ta ba. Ɗora ta ya yi a kan tebur, ya danna kusurwa ɗaya, sai ga ta tana rawa, gindinta ya yi tudu.

"Malam, ina kake ajiye ta?"

"A ɗaki, a kan gado nake aiki."

"Kullum a jone?"

"To ai sola muka saka, injiniya, ba a ɗaukewa."

Ya kwance ƙusoshin, murfin ya ɗago da kansa tun bai gama ba. Batirin ya yi suntum, ledarsa tana sheƙi. Da yatsa biyu ya ɗauke shi ya ajiye a ƙasa can nesa da sauran kaya, ya ce, "Ka gode wa Allah, Malam. Wannan ba a hudawa, ba a dannawa."

Amsar malamin nan, sola muka saka, ita ce sauyin da ya fi kowanne girma, kuma ba a cika lura da shi ba. A da, rashin wuta da kansa yana motsa mana batir. Ko ba ka so, sai ya sauka ya hau a kowace rana, bai samun damar zama a cike mako guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya zama sai wane da wane, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit, masu ɗan hali suka koma sola da inbata. Gidaje da ofisoshi da shaguna da yawa yanzu suna da wutar da ba ta yankewa da rana. Haka cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta zalla tun 2015: ɗaruruwan kwamfutoci ne jere a kan tebura, a jone lokacin jarrabawa, sannan a rufe su a ɗaki watanni. Mun zama irin mutanen da kwamfutarsu ke kwana ta wuni a soket, a cikin zafin da masu ƙera ta ba su saba da shi ba. Lokacin da muke tsoron jonawa, wutar ma ba ta zama har ta yi illa. Yanzu da take zama, mun daina tsoro.

Masu ƙerawa sun san matsalar, kuma sun sa maganinta a cikin na'urar, sai dai a lungu. Lenovo yana da saitin da ke tsayar da caji wajen kashi 60 a tsofaffin kwamfutocinsa, wajen 80 a sababbi, ana samunsa a manhajar Lenovo Vantage. ASUS yana ba da zaɓin 60 ko 80 a MyASUS. Dell yana barin mutum ya faɗi inda caji zai fara da inda zai tsaya. HP ya sa nasa a saitin farko na kwamfutocin ofis. Surface na Microsoft yana iya tsayawa a 50. Apple ya shigo da nasa a 2020, inda kwamfutar ke lura da ɗabi'ar mai ita, idan ta ga kullum a jone take sai ta riƙa dakatawa a 80. Duk abu ɗaya suke faɗa: batirin da ba za a yi aiki da shi ba, kada a cika shi. Ko jiragen sama, tun 2016 ba a yarda a yi dakon batiran litiyom zalla a matsayin kaya ba sai cajinsu bai wuce kashi 30 ba, ko da yake su tsoron gobara ne ya sa.

Amma ban yarda a ɗauki wannan shawara a raba wa kowa kamar goro ba. An tsara ta ne don mutumin da ya tabbata soket ɗinsa ba zai ci amanarsa ba. A ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da lalacewar wani layin da ke kawo wuta ta Binuwai, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. A Nijar, da Najeriya ta yanke wutar da take ba ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai da Maraɗi da Zinder sun sha ɗauke-ɗauke na watanni. A irin waɗannan kwanaki, wanda ya samu wuta ta awa ɗaya a shagon caji, ka ce masa ya tsaya a kashi 60 don batirinsa ya yi ƙarko, ai ka nemi faɗa. Ga ɗalibin da ke unguwar da ake kawo wuta tsakar dare a ɗauke da asuba, kashi 40 ɗin da za a hana shi karatun awa biyu ne. Shi ya cika batirinsa maƙil duk lokacin da ya samu, ba laifi, domin kafin la'asar zai sauke shi, ba zai zauna a cike ba balle ya cutu. Batir kayan ƙarewa ne, don a yi aiki da shi aka saya. Iyakance caji na mai sola ne da mai ofis da mai cibiyar jarrabawa.

Wannan fahimta tana da amfani a kasuwa ma. Yawancin kwamfutocin da muke saye na hannu ne, daga ofisoshin Turai da Amurka suke fitowa, inda da yawansu suka yi shekaru a kan tebur ɗaya a jone. Jikinsu fes, madannansu ba su goge ba, adadin cika da saukar batirinsu kaɗan ne, mai sayarwa kuma zai rantse maka tana yin awa huɗu. Ba lallai ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma abin da ya gani ke nan. Amma tsufan kwanaki ya riga ya ci abin da zai ci. A kwamfutar Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport da ke fitar da rahoto, a ciki akwai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka a yau. Wanda ya kwatanta su kafin ya biya kuɗi ya fi wanda ya tsaya duba ko akwai ƙarzuwa a murfi.

Wutar janareto da wutar da ke zuwa rabi-rabi, waɗanda aka fi ɗora wa laifi, ba su kai yadda ake zato ba. Juya cajarka ka karanta, za ka ga an rubuta tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma cajar jabu mai nauyin takarda wadda ba ta da abin tace komai. Haka batirin canji mai araha da ba a san ƙwayoyin da aka cusa masa ba. Idan har Sony zai yi kuskuren da ya sa Dell ya janye batira miliyan 4.1 a Agustan 2006 saboda haɗarin kama wuta, to mai haɗawa a bayan shago fa? Araha ba ta ado. Game da sauya batir kuwa, Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga 18 ga Fabrairun 2027 dole batirin irin waɗannan na'urori ya zama wanda mai abu zai iya cirewa ya sauya da kayan aiki na yau da kullum. Mu sai bayan wasu shekaru za mu ga amfanin wannan, idan kwamfutocin suka gama aikinsu a can suka biyo kwantena.

Kafin nan, mai wutar da ba ta yankewa ya nemi saitin iyakance caji ya kunna, ya sauke kwamfutarsa daga kan katifa, ya kai a hure mata fanka bayan kowane hunturu. Masu cibiyoyin jarrabawa su sauke cajin nasu zuwa rabi kafin su rufe ɗaki, su riƙa leƙawa. Wanda kuma ya ga gindin kwamfutarsa ya yi tudu, ya zare caja ya kai a cire batirin a ranar, kuma don Allah kada a jefa shi a bola, domin bolarmu wuta ake cinna mata, yara kuma suna tone ta.